Asawase: Mazaɓar Lema a Tsakiyar Ƙasar Giwa



Duk lokacin da aka yi babban zaɓe a Gana, idan gidajen talabijin suka shimfiɗa taswirar yankin Asante suka shafe ta da shuɗin launin jam'iyyar NPP mai alamar giwa, akan ga wani ɗan ɗigo a cikin birnin Kumasi ya ƙi shafuwa. Wannan ɗigo shi ne mazaɓar Asawase, wadda ta ƙunshi Aboabo da Akwatia Line da Sawaba da Asawase kanta, har zuwa Asokore Mampong. Tun da aka yanke ta a shekarar 2004 an yi manyan zaɓuka shida, ga kuma zaɓen cike gurbi guda, kuma ko sau ɗaya kujerarta ta majalisar dokoki ba ta fita daga hannun jam'iyyar NDC mai alamar lema ba. Yaranmu na yanzu sun buɗe ido sun tarar da haka, har suna zaton dama can haka Allah ya halicci Zango. Alhali kuwa kakanninsu, a ƙarshen mulkin Turawa, tare da iyayen gidan NPP ɗin nan suka tsaya, tare aka doke su, kuma saboda su aka kori shugabanninsu daga ƙasar. Mu da aikinmu shi ne riƙe alƙalami a zauren dattijo, muna jin wannan labari daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, kuma kullum yawansu raguwa yake yi. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta.

Musulmi ba baƙi ba ne a Kumasi. Turawan Ingila da suka ziyarci fadar Sarkin Asante Osei Bonsu a 1817 sun tarar da malamai suna yi masa rubutun wasiƙu da Larabci, suna yi wa mayaƙansa layu. Amma fatakenmu na goro a wancan zamani a Salaga ta ƙasar Gwanja suke yada zango, domin Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, ba su cika barin baƙo ya kutsa cikin kurmi ya sayi goro daga tushe ba. Abubuwa biyu suka sauya wannan. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, sannan Turawa suka shiga Kumasi a 1896, suka kama Sarki Prempeh, suka kuma murƙushe tawayen Yaa Asantewaa a 1900, da rundunar da Hausawa suka yi yawa a cikinta. Da jirgin ƙasa ya iso a 1903 sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Mai goro ya zo, mai shanu ya zo, mahauci da maɗinki da malami da almajiransa suka biyo baya. Koko da ma'adinan zinariya kuwa suka jawo 'yan ƙwadago daga arewa: Mosawa, Dagwamba, Frafra, Kusasi, Gurunsi, Busanga, Kotokoli, Zabarmawa, Wangarawa, Fulani da Yarabawa.

Nan ne ya kamata mai karatu na nesa ya lura da wani abu. Idan aka ce Zango, ba ana nufin kowa Bahaushe ne ba. Hausawa na jini ba su ne mafi yawa ba, amma Hausa ita ce harshen da Bamoshe ke ciniki da Bazabarme, ita ce harshen wa'azi da ɗaurin aure da faɗan yara a lungu. Kowace ƙabila da sarkinta, sannan ga Sarkin Zango a bisa, wanda a shekarun 1920, zamanin Malam Salau Bakatsine, har kotu Turawa suka ba shi yana yi wa baƙi shari'a. Da tsohon Zango ya cika sai jama'a suka tsallaka Aboabo, gwamnati kuma ta gina rukunin gidajen Asawase a tsakiyar shekarun 1940. Ƙasar kuwa, tun farko har yau, ta sarakunan Asante ce. Ɗan Zango yana iya mallakar gini, amma ƙasan ginin yana da mai shi, kuma wanda bai riƙe wannan a ransa ba ba zai fahimci siyasar da ta biyo baya ba.

A farkon shekarun 1950, da guguwar neman 'yanci ta taso, manyan Zango suka ga cewa suna da yawan da za a yi ciniki da shi. Ƙungiyar Musulmi da ke akwai tun da daɗewa ta rikiɗe ta zama jam'iyya a 1954, wato MAP, bayan ta gwada ƙarfinta a zaɓukan majalisun biranen Ankara da Kumasi. A Kumasi jagororinta su ne Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango kuma attajiri mai gidaje, da Alhaji Usman Lardan, wanda aka fi sani da Alfa Lardan. A watan Satumba na wannan shekarar kuma Baffour Osei Akoto, mai magana da yawun Sarkin Asante, ya kafa ƙungiyar NLM. Musabbabinta na kusa shi ne farashin koko, wanda gwamnatin Kwame Nkrumah ta tsayar a kan sule 72 kowane kaya a daidai lokacin da yake tsada a kasuwar duniya. Babbar buƙatarta kuwa ita ce a shimfiɗa tsarin tarayya irin wanda Najeriya ta ɗauka a wannan shekarar, kowane yanki da majalisarsa da asusunsa. Nkrumah ya ce ƙasa ɗaya, gwamnati ɗaya.

Manyan Zango suka bi NLM. Ba domin sun damu da koko ba, yawancinsu ko gona ba su da ita. Sun bi ne domin mai gida da mai filin da ya yi gini a kai ba su raba hanya, domin kuma suna ganin jam'iyyar CPP ta Nkrumah, mai alamar zakara, tana fifita nata a rabon rumfunan kasuwa da ayyukan gari. Ba kowa ya bi su ba. Akwai samari da wasu sarakunan ƙabilu da suka gaji da danniyar manyan Hausawa, suka ga zakara ne zai raba su da ita, suka taru a bayan Malam Mutawakilu. Zango ya tsage biyu, tsagin ya shiga har cikin masallaci, kuma shekaru biyu Kumasi ba ta san barci ba saboda jifa da sara da ƙone-ƙone.

A zaɓen watan Yuli na 1956 CPP ta ci kujeru 71 cikin 104 na ƙasa baki ɗaya, amma a Asante, cikin kujeru 21, takwas kawai ta samu. NLM ta ɗauki 12, MAP ta ɗauki ɗaya, ita ce kujerar Kumasi ta Arewa, wadda lauya Cobina Kessie ya ci da ƙuri'un Zango. Abin lura ne cewa jam'iyyar da ake kira ta Musulmi wani lauya ɗan Asante ta tsayar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda ƙawancen ya yi ƙarfi.

Aka sami 'yanci ran 6 ga Maris 1957. Ba a cika wata shida ba, gwamnati ta ba da umarnin a fitar da Amadu Baba da Alfa Lardan daga ƙasar, a kan cewa zamansu barazana ne ga zaman lafiya. Suka garzaya kotu suka ce su 'yan ƙasa ne, ba a korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Tun shari'a ba ta ƙare ba majalisa ta zauna ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutum biyun nan, wadda ta rufe bakin kotu, aka sa su a jirgi sai Najeriya.  A watan Disamba aka haramta duk jam'iyyar da aka gina kan addini ko ƙabila ko yanki, amma kafin nan MAP da NLM da jam'iyyar mutanen arewa da wasu ƙananan ƙungiyoyi sun riga sun narke sun zama jam'iyyar UP, a ƙarƙashin Dokta Kofi Busia. Sarautar Zango kuma ta koma hannun Mutawakilu.

Abin da ya fi korar mutum biyu nauyi shi ne abin da ta koya wa sauran. A zamanin Turawa, Bakano da Bakatsine da ɗan Kumasi duk talakawan sarauta ɗaya ne, babu mai tambayar wani takarda. Da aka sami 'yanci sai doka ta ce haihuwa a ƙasar ba ta isa ba, sai in ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni shi ma a nan aka haife shi. Dare ɗaya mutumin da bai san wani gari ba sai Kumasi ya wayi gari ana iya ce masa baƙo. Ƙidayar 1960 ta nuna mutum wajen 827,000 masu asali daga waje, kusan kashi 12 cikin ɗari na jama'ar ƙasa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar ta riga ta yi shekara sittin tana gina gidaje.

Sojoji suka kifar da Nkrumah ran 24 ga Fabrairu 1966, Amadu Baba ya dawo gida, tsofaffin 'yan MAP suka ga kamar kakarsu ta yanke saƙa. A watan Agusta na 1969 jam'iyyar Busia ta lashe kujeru 105 cikin 140. Abokin tafiya ya hau mulki.

Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin kwana 14 ko ya bar ƙasar. Wa ke da takarda a Zango? Mutanen da suka shigo da ƙafa bayan jakuna tun kafin a ja iyaka, da 'ya'yansu da aka haifa a ɗaki ungozoma ta yanke cibiya, ina za su samo ta? Gwamnati ta kafa hujja da rashin aikin yi da fasa-ƙwauri da yawan laifuka, ta ce kasuwanci ya koma hannun 'yan ƙasa. Dubun dubatar mutane suka fita, mafi yawansu zuwa Najeriya, wasu Nijar, wasu Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Dattawanmu har yanzu idan suka zo wannan gaɓa muryarsu sauyawa take yi. Suna ba da labarin gidan da aka sayar a kuɗin da bai kai na ƙofofinsa ba, da rumfar da maƙwabci ya shige tun mai ita bai gama ɗaure kaya ba, da motocin katako cike da mata da yara sun yi layi a bakin iyaka kwana da kwanaki. Akwai auren da ya mutu a tasha, domin miji baƙo ne mata kuwa 'yar ƙasa. Mu an haife mu ne a shekarun da suka biyo baya, mun taso muna jin ana nuna gida ana cewa na wane ne da ya tafi Kano bai dawo ba.

Za a iya tambaya: to ai Nkrumah ne ya fara kora, don me ba a riƙe shi ba sai Busia? Amsar da muke ji a zaure ita ce, Nkrumah abokin gaba ne a fili, kuma manya ya taɓa. Busia kuwa da shi aka sha dukan tare, sannan da ya samu dama talakawa ya taɓa, har tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ko daidai ne wannan hukunci ko akwai son rai a ciki, shi ne ya zauna a zukata. Korar da Najeriya ta yi wa 'yan Gana a 1983 ma ba ta goge shi ba, sai dai ta ƙara wa ɗan Zango sanin cewa ko'ina ya je ana iya tambayarsa takarda.

Busia bai yi nisa ba, sojoji suka sauke shi a Janairun 1972. Shekaru ashirin da suka biyo baya kusan duk na soja ne, in ban da ɗan taƙin mulkin Dokta Hilla Limann daga 1979 zuwa 1981. Da Jerry Rawlings ya tuɓe kaki ya kafa NDC a 1992, sai ya tarar da Zango a shirye. NPP kuwa da bakinta take alfahari cewa ita magajiyar Danquah da Busia ce, don haka 'yan lema ba su sha wahalar kamfe ba: ambaton 1969 kawai ya ishe su.

A lokacin unguwanninmu suna cikin mazaɓar Asokwa ta Gabas, a gauraye da unguwannin da Asante suka fi yawa. NDC ta ci kujerar a 1996, NPP ta ƙwace ta a 2000, shekarar da John Kufuor ya ci zaɓen shugaban ƙasa da Alhaji Aliu Mahama a matsayin mataimaki. Da hukumar zaɓe ta ƙara yawan mazaɓu daga 200 zuwa 230 kafin zaɓen 2004, sai aka ware Asawase ta tsaya da ƙafarta. Dokta Jibril Adamu Muhammad na NDC ya kayar da Patricia Appiagyei ta NPP, da tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Allah bai ba shi tsawon kwana a kai ba, ya rasu a farkon 2005. A zaɓen cike gurbi na watan Afrilu aka zaɓi wani matashi ɗan Aboabo, Muhammad Mubarak Muntaka, kuma shi ke kan kujerar tun daga ranar. A 2016, shekarar da giwa ta tattake ko'ina, kujeru uku kacal NDC ta tsira da su cikin 47 na yankin Asante: Asawase da Ejura da Sekyere Afram Plains. Duk ukun wurare ne da mutanen arewa suka yi yawa.

Batun yawan jama'a yana da nasa ƙulli. A 2012 aka cire yankin daga ƙarƙashin hukumar birnin Kumasi aka yi masa tasa ƙaramar hukuma, Asokore Mampong. Bisa ƙidayar 2010 mutanenta 304,815 ne, fiye da rabinsu Musulmi. Ƙidayar 2021 kuwa ta ce 191,402. Gaskiya ne cewa masu hali suna ta fita bayan gari suna gini, domin Aboabo ba ta da sauran fili ko na shanya. Amma duk wanda ya ratsa Akwatia Line da la'asar, ko ya ga sahun Idi, zai yi wuya ya yarda cewa mutum dubu ɗari da ɗoriya sun ragu. Wannan ba gardamar malaman lissafi ba ce kawai, domin yawan jama'a yana cikin abin da ake dubawa wajen rabon kuɗin da gwamnatin tsakiya ke bai wa ƙananan hukumomi, da wajen yanke sababbin mazaɓu. Mu ma muna da namu laifi. Har yau akwai gidan da in mai ƙidaya ya yi sallama sai a ɓoye rabin mutanen ciki, saboda tsohon tsoron cewa duk wanda gwamnati ta rubuta sunansa wata rana za ta zo nemansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga shi kuma a jadawalin manyan ƙabilu na ƙidaya Bahaushe ba shi da gurbin kansa, cikin "sauran" ake jefa shi.

Adalci ne a faɗa cewa NPP ta yi ƙoƙarin wanke kanta. Ta ba da mataimakin shugaban ƙasa Musulmi har sau biyu, Aliu Mahama da Dokta Mahamudu Bawumia. Gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikata da asusu na musamman domin raya zangogi a 2017, Bawumia kuma ya gyara babban masallacin Kumasi aka buɗe shi a 2023. A Asawase sau da yawa 'ya'yan Zango take tsayarwa takara, kuma suna samun ƙuri'u dubbai, domin mazaɓar ba ta taɓa zama ta murya ɗaya ba. Sai dai duk sanda rauni ya fara warkewa sai wani abu ya fama shi. A watan Yuli na 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Zangon Kumasi a Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce babu hujjar da ta nuna haka, aka dakatar da jami'ai 21, aka biya iyalai diyya. A 2020 kuma aka sake rajistar masu zaɓe daga tushe, aka ce ba a karɓar tsohon katin zaɓe ko takardar haihuwa, sai fasfo ko katin ɗan ƙasa ko mutum biyu su tsaya maka. Doka ce ta kowa da kowa, amma kowa ya san mai irin wane suna ake tsayarwa a layi a tambaye shi garin kakansa.

Ita ma lemar ba mu ce ta kare mu daga kowane ruwa ba. Shekara ashirin kujera tana hannu ɗaya, rafin Aboabo yana nan yana ambaliya da shara duk damina, samari suna nan a bakin titi suna jiran wanda zai ɗauke su aikin tsaron 'yan siyasa. Muntaka ya yi suna a majalisa: ya riƙe ma'aikatar matasa da wasanni na 'yan watanni a 2009 kafin ya sauka, ya daɗe yana bulaliyar jam'iyyarsa, kuma duk ƙasa ta gan shi a talabijin ran 7 ga Janairu 2021 yana bin wani ɗan majalisar NPP da gudu bayan ya wafce takardun ƙuri'ar zaɓen kakakin majalisa. Amma a cikin gida, hamayyar da ta fi tayar masa da hankali daga samarin jam'iyyarsa take fitowa a zaɓen fid da gwani, waɗanda 1969 ba ta cikin abin da suka gani, rashin aiki kuwa kullum da shi suke kwana. A ganinmu jam'iyyar da ta tabbata ba za ka guje ta ba, ba ta da dalilin yi maka gaggawa, kuma wannan ita ce hasarar da ke cikin riƙon amana irin namu.

Zaɓen Disamba 2024 shi ne gwaji mafi girma. Karo na farko wata babbar jam'iyya ta tsayar da Musulmi takarar shugaban ƙasa, kuma NPP ce ta yi, ta tsayar da Bawumia. Abokin karawarsa John Mahama Kirista ne. An yi ta muhawara a majalisun shayi da ƙofofin masallatai, wasu na cewa ɗan uwa ya zo ƙofa ba a rufe masa, wasu na cewa tsadar rayuwa ba ta san addini ba. Da aka ƙirga, Asawase tana nan inda take, Mahama ya ci ƙasa da sama da kashi 56 cikin ɗari.

A Janairun 2025 Mahama ya naɗa Muntaka ministan cikin gida. Ita ce ma'aikatar da ke riƙe da shige da fice da 'yan sanda. Ranar da labarin ya iso zaure, wani tsoho da ya ga 1969 da idonsa bai ce uffan ba, sai da aka watse ya matso kusa da tabarmarmu, ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihu, ya ce a rubuta masa wasiƙar shaida, jikarsa za ta je neman katin ɗan ƙasa an ce ta kawo hujjar inda aka haifi kakanta.